Kawu, Alƙalin Kabewa

Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma, mai rawani da mai hula. Amma giɓin da kowa ke bari ba ɗaya ba ne. Tun ranar da Turawa suka ja igiya a bayan ganuwar Zariya suka ce baƙi su yi gida a nan, aka sa wa wurin Tudun Wada, unguwar nan ba ta yi asarar ilimi kamar ranar da muka kai Kawu makwancinsa ba. An rasa masu nahawu kafin shi, wasu sun taso. An rasa masu rabon gado, ɗalibansu sun hau buzunsu. Amma akwai fanni guda da ya bi Kawu cikin ƙasa bai bar halifa ba, shi ne sanin abin da ke sa ganyen kabewa ya yi rawaya.

Mai karatu yana iya murmushi. Waɗanda suka zo gaisuwa dai ba su yi ba.

A tsakiyar marka ya rasu, lokacin da sama ba ta yini ba ta zubo ba. Duk da haka ƙofar gida ta cika. An zo daga Gyallesu, an zo daga Kwangila, har mutanen cikin birni, waɗanda ba su cika fitowa bayan ganuwa don baƙo ba, sun zo sun zauna a kan tabarmi masu danshi. Kowa ya yi addu'a ya shafa, sai idonsa ya tafi gefen zaure, inda kabewar Kawu ta hau bango ta bazu a kan jinka. Ranar da aka binne shi ganyenta kore ne shar. Kafin sadakar uku ya fara yaushi. Kafin a kai bakwai, rawaya ta ci rabinsa.

Wani ɗan koli, wanda ya fi kowa daɗewa a kan tabarma, shi ya fara faɗa. Ya ce, "Jama'a, ku dubi ikon Allah. Kabewar Malam takaba take yi."

Aka juya aka duba. Limamin unguwa, mutum mai auna magana kafin ya sake ta, ya shafa gemu ya ce ba abin mamaki ba ne, kowace halitta ta san mai kyautata mata. Daga nan zance ya tashi ya shiga gidaje. Wata tsohuwa daga Gyallesu ta shigo idonta a bushe, ta fita tana share hawaye da gefen mayafi, ba don mamacin da ba ta sani sosai ba, don ganyen da ta gani. Na ji wani yana gaya wa na kusa da shi cewa irin wannan sai ga waliyyai.

Na shiga na kai wa Inna, matar Kawu, labari a ɗakin takabarta. Ta ɗago kai ta ce, "Ni da nake tuƙa masa tuwo tun ba a san jirgin ƙasa ba, ka ga na yi rawaya?"

Sai in bayyana abin da ya tayar mana da hankali, mu 'yan gida, domin mu ba karama muke dubawa ba. Wannan kabewa irin Kaka ce, wadda ta haifi Kawu da mahaifiyata. Daga wani ƙaramin gari a ƙasar Katsina Kawu ya taso da ƙwayarta a cikin gora, an cuɗe ta da toka. Kaka ce ta miƙa masa gorar a bakin ƙofa ranar da zai tafi, ta ce ba ta da azurfa, ga abin da take da shi. Gidan da ya baro ya rushe, gonar ta koma hannun wasu, kabarin Kaka ma yanzu ba mai iya nuna shi. Abin da ya rage mana nata a duniya shi ne wannan iri: doguwa ce mai wuya kamar tulu, bayanta da zane-zane, cikinta ja, ba ta tsinka miya. A wannan shekarar kuwa ɓeraye sun huda gorar tun da rani sun yi ɓarna. Ɗan abin da suka rage aka shuka, guda ta tsira, ita ce ta gefen zaure. Ta fara haihuwa, amma 'ya'yan ba su wuce dunƙulen hannu ba. In ta mutu kafin su ƙosa, irin Kaka ya fita daga gidanmu ke nan.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ban tashi a hannunsa ba. Da gemuna na zo masa, lokacin da aka turo ni koyarwa a makarantar boko, ya ba ni sashe a gidansa ni da iyalina. A garinsu muhuti ne, wato mai zama kusa da alƙali yana taya shi duba hukunci. Da zamani ya juya, aka fara kai hukuncin alƙali gaban Bature ya sake dubawa, Kawu ya naɗe buzunsa ba tare da ya yi wa kowa faɗa ba. In an tambaye shi dalili sai ya ce ya gaji da shaidu masu baki. A Tudun Wada ya zauna yana karantar da manya a zaure da safe, yana kwafar littattafai da hannu ga mai so. Amma shari'a ba ta bar jininsa ba. Da ya rasa mutanen da zai yi wa, sai ya koma wa kabewa.

Ba shi ya nemi suna ba. Kabewa sha'anin mata ce a bayan ɗaki, kuma malamin da aka gani tsugune a gindinta da sassafe, rawani a kai, yana ɗaga ganye yana leƙa ƙarƙashi, dole a yi zancensa. Da farko dariya aka yi. Daga baya aka lura tasa ba ta mutuwa. Unguwa sabuwa ce, kowa baƙo, kowa ya zo da irin garinsu ya zuba a ƙasar da bai san halinta ba, jar ƙasa mai riƙe ruwa kamar kasko. Mata suka fara aiko mazansu da ganye a hannu.

Ba ya karɓa. Wani mahauci ya taɓa zuwa ina zaune, ya shimfiɗa ganye rawaya a gaban buzu, ya ce uwargida ce ta aiko a duba.

Kawu ya ce, "Wannan wane ne?"

"Ganyen ne, Malam."

"Na ga ganye. Ina mai shi? Ka yanko kunnen mutum ka kawo mini ka ce in gaya maka abin da ke damun cikinsa?"

"To ai ba ta tafiya, Malam."

"Ni ina tafiya. Je ka ce mata su shiga ɗaki."

Haka ake yi. Mata su shige su saki asabari, Kawu ya shiga da sandarsa, maigida na biye da shi kamar ɗan doka. Daga bayan asabarin ake ba da shaida.

Tambayarsa ta farko kullum ɗaya ce: wane ganye ya fara? In tsofaffin na gindi ne, kan yaɗon kuwa kore ne yana ci gaba da tafiyarsa, sai ya kori ƙarar. Ya ce tsufa ne, ba a kai tsufa ƙara, a tsinke a ba akuya. In rawayar ta taso daga ƙasa tana hawa, ganye ya koɗe gaba ɗaya har jijiyarsa, yaɗo ya sirance, wannan yunwa ce, hukuncinta kashin awaki da ya kwana biyu, a zuba nesa da gindi kaɗan. In kuwa sababbin ganyen kai ne suka yi fari-fari alhali jijiyoyinsu kore, sai ya juya wajen asabari ya ce, "Wace ce ke zubar da tokar murhu a nan?" Ba a taɓa amsawa da wuri ba. Sai ya jira. Ya iya jira, sana'arsa ce ta dā.

Akwai wadda ke kwantawa da rana tsaka ta ɗan miƙe da yamma. Ita gindinta yake dubawa. In ya ga ɗan gari kamar dusa, ya ce ɓarawon na ciki ne. Ya ciro aska ya tsaga karan a tsaye, ya zaƙulo tsutsa ya nuna wa maigida a tafin hannu, sa'an nan ya rufe tsagar da ɗanyar ƙasa. Wadda ba ya son gani ita ce mai dabbare-dabbare, ganye ya yamutse, kore da rawaya sun cakuɗe. Wannan ya ce ba ta da magani, kuma tana shafa wa 'yan'uwanta. Zai nemi a ba shi abin zama, ya zauna, sa'an nan ya ce a tumɓuke a ƙone. Na taɓa ce masa, "Kawu, kabewa ce fa." Ya ce, "Malamin boko, hukuncin kisa ne. Ba a yanke shi a tsaye."

Malamin boko yake kirana, amma ba da raini ba, sai da ɗan tausayi, kamar yadda ake kiran mai ɗingishi. Wata rana na zo masa da wani littafin Turawa daga makaranta mai hotunan tsirrai, na fassara masa abin da aka ce game da tsutsar kara. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita wani wuri, ya daɗe yana duban hoton. Sa'an nan ya ce, "Wannan Baturen ya taɓa tsugunawa." Ban taɓa jin ya yabi Bature da abin da ya wuce haka ba, kuma a bakinsa yabo ne babba.

Ba zan ce bai taɓa kuskure ba, shi ma ba zai so in ce ba. Wata shekara kabewarsa ta bayan ɗaki ta ƙone ta gefe guda. Ya tara gida, ya bi mu da tambaya ɗaya bayan ɗaya, har matata, mai saurin kuka ce, ta yi. Ya yanke cewa ruwan sabulun wanki ne, ya ɗora wa mata. Inna ta bar shi ya gama, sa'an nan ta ce, "Malam, a ina kake ɗaure jakin baƙonka in ya zo daga Katsina?" Kawu ya tafi ya sunsuni wurin. Ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya ce an warware hukunci, mata sun kuɓuta, laifin na fitsarin jaki ne da wanda ya ɗaure shi. Ya aika aka sayo wa matata goro. Inna ba ta samu ba. Ya ce ita shaida ce da ta ɓoye abin da ta sani har aka yi zalunci.

Abin da ya fi nanatawa, har muka haddace shi kamar karatun allo, shi ne batun ruwa. Ya ce kabewar da ƙishirwa ta kama da wadda ruwa ya yi wa yawa kamarsu ɗaya. Duka su yi yaushi, duka su yi rawaya, duka su ba ka tausayi, ido ba ya raba su. Sai ka tura yatsa a ƙasa har ya nutse. In ya fito a bushe, ka ba ta ruwa. In ya fito da laka, ka ɗauke butarka ka ba ta wuri. Saboda haka ya kafa doka a ƙofar gidansa, ba a alwala a gindin kabewa. Ya sa aka jera manyan duwatsu can bakin rariya, nan kowa zai tsuguna. Amma baƙo in ya zo ya ga kore a gefen zaure, ga buta a hannu, sai zuciyarsa ta raya masa ya haɗa lada biyu. Kawu zai bar karatu ya leƙo ya nuna da sanda. "Malam, can. Ita ba ta salla."

Yanzu sai in zo kan halinsa da ba a faɗa a zaman makoki ba, ko da yake kowa ya san shi. Kawu mai kyauta ne. In kabewa ta ƙosa, babu gidan da ke layinmu da ba za a kwana da miyar taushe ba, kuma gidajen da ba maza a ciki su ake fara kai wa. Amma bai taɓa ba da ita ɗungum ba. Sai ya fasa da kansa, ya sa sakaina ya kankare cikin tas, ya tsince ƙwayar har ta ƙarshe, sa'an nan ya aika da ɓari. Duk Tudun Wada an ci kabewar Kaka, ba wanda ya shuka ta, in ban da mutum guda da zan zo kansa. Na tambaye shi dalili. Ya ce wanda aka ba iri a banza zai jefa shi a juji kusa da wata kabewar da ba a san asalinta ba, su gauraya, nan da 'yan shekaru a haifi wata aba mai ruwa-ruwa a ce irin uwarsa ce. Ya ce, "Ba zan zauna ina ji ana zagin uwata a cikin miya ba."

Katanga ɗaya ta raba mu da wani Banufe mai ɗinkin manyan riguna, sa'an Kawu ne ko ya girme shi kaɗan. Bakatsine da Banufe kuwa abokan wasa ne, kowanne yana kiran ɗaya bawansa. Kullum da safe in Banufe ya fito da allurarsa zai nuna kabewa ya ce, "Bawana, an tashi? An gai da uwar ɗaki?" Kawu ya ce, "Ta amsa. Ta ce in tambaye ka ko har yanzu da kifi kake karya kumallo kamar kyanwa."

Wata damina yaɗo guda ya haura katanga, ya sauka cikin gidan Banufe, ya haifi ƙatuwar kabewa a can inda idon Kawu ba ya kaiwa. Sai da ta ƙosa labari ya fito. Kawu ya sa babbar riga ya zaga ya yi sallama.

Ya ce, "Na zo ɗaukar ajiyata."

Banufe bai ɗaga kai daga ɗinki ba. "Wace ajiya?"

"Tushe a gidana yake. Abin da tushe ya haifa na mai tushe ne. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike."

"Ni ban ga tushe ba. Baƙuwa na gani ta hauro katanga, na ba ta masauki, na yi ta kore mata awaki. Ni da kai duk haka muka zo garin nan. Wa ya mai da mu?"

"To ka ci tsokar, ka dawo mini da ƙwayar."

"Yaushe bawa ya fara yi wa ubangijinsa rabo?"

A nan wasa ya ƙare. Kawu ya dawo fuska a ɗaure. Malami ne, ya san ba a ƙaurace wa Musulmi, saboda haka bai daina sallama ba. Amma sallamar ce kawai, a aune, ba ƙarin ko ina gajiya. Banufe ya kira shi bawa har ya gaji, ba amsa. Haka suka ci rani guda. Inna ta ce ba ta taɓa ganin tsofaffi masu furfura sun yi gaba a kan kayan miya ba sai a Tudun Wada.

Damina ta zagayo, Banufe ya shuka ƙwayar. Ta fito, ta yi yaɗo, ta hau rumfarsa har ana hangen ta daga tsakar gidanmu. Sa'an nan ta fara kwantawa da rana, ganyen na juyawa rawaya. Kawu ya gani, ya ce ba ruwansa. Washegari na same shi tsaye a kan turmi da aka kife yana leƙen katanga. Ya ce indararo yake dubawa. Katangar ba ta da indararo. Tuwo ya daina shiga masa. Ran nan dai da hantsi, ana tsakar karatu, ya rufe littafi, ya ce wa ɗalibai su jira, ya ɗauki askarsa.

Na bi shi. Bai tayar da maganar baya ba, ya ce dai mata su shiga ɗaki. Ya tambayi ganyen da ya fara, ya tura yatsa a ƙasa, ya duba gindi, ya ga garin nan kamar dusa. Ya tsaga, ya ciro tsutsa ƙatuwa, ya kamo hannun Banufe ya ɗora masa ita a tafi.

Ya ce, "Ga wata baƙuwar da ka ba masauki."

Banufe ya kawo ta kusa da ido ya duba ya ce, "Wannan daga ganin yadda take ci a gidan mutane, Bakatsiniya ce."

Kawu ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ya kasa. Amma kafin ya fita sai da ya kafa sharaɗi: kada a shuka wata kabewa a gidan nan, kada kuma ƙwaya ko ɗaya ta fita daga cikinsa zuwa ko'ina. Banufe ya ajiye allura ya ce ya ɗauka, Allah ne shaida. A hanya na ce, "Kawu, ka yafe ke nan?" Ya ce, "Ban yafe ba. Ita ce ba ta yi mini laifi ba."

Ciwonsa na ƙarshe bai yi tsawo ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura. Yana kwance yana aika ni in dubo masa kabewar zaure, kuma ba ya karɓar lafiya lau a matsayin amsa. Sai na faɗi launin ganyen gindi da na kai, da abin da yatsana ya samu. Ana gobe zai rasu, bayan la'asar, ya yi mana wasiyya irin ta kowa, salla da zumunci, littattafansa kuma a ba wanda zai karanta, ba wanda zai ajiye ba. Sa'an nan ya kamo hannuna ya ce, "Ita kuma waccan, kada ka bari kowa ya ji tausayinta."

Inna ta ce, "Ni fa?"

Ya ce, "Ke kin iya da kanki."

To, ga yadda aka yi. A zaman makoki wurina cikin zaure ne, ina amsa gaisuwa daga safe har magariba, alwalata kuma a cikin gida. Ganyen da ke kan jinka nake gani in na fito rakiya, gindin yana ta gefe. Ranar sadakar bakwai da yamma, da aka ragu, zancen takabar kabewa ya ishe ni, na ce bari in zauna shari'a yadda ya koya. Wane ganye ya fara? Duka, na gindi da na kai. Ba dabbare, ba garin tsutsa, ba toka. Na tsuguna zan tura yatsa, sai na ga ba sai na tura ba, takalmina ya riga ya nutse. Wurin ya zama fadama, yana tashin warin ruɓa. Na ja karan a hankali ya biyo hannuna. Saiwar ta yi baƙi ta narke.

Na waiwaya bakin rariya, duwatsun alwala ba sa nan. A cikin gida na same su, ƙarƙashin babbar tukunyar abincin sadaka. Mata ne suka rasa murhun da zai ɗauke ta, suka sa aka kwaso su tun ranar farko. Masu gaisuwa suka fito da butoci ba su ga wurin tsugunawa ba. Sauran labarin ɗan kolin nan ne ya ba ni da bakinsa, yana jin daɗi. Ya ce shi ya fara tunawa da ita. Ya ce wa jama'a Malam ya tafi, ba mai shayar da marainiyarsa, kowa ya yi alwalarsa a nan ladan ya je masa. Aka bi. Azahar da la'asar da magariba da lisha, mutanen unguwanni da na birni, a tsakiyar marka, a kan jar ƙasar Zariya. Da ta fara yaushi sai tausayi ya ƙaru, kowa ya gama ya juye mata sauran ruwan buta. Ya ce shi har tulu ya sa aka kawo.

Na ce, "Allah ya ba da lada."

Ya ce, "Amin, Malam. Ai ɗan abin da za mu iya yi masa ke nan."

Ban gyara wa kowa zance ba. A makaranta gyaran kuskure ne aikina, amma ban ga amfanin in bi gida-gida ina karɓe wa mutane karamar da suka gani da idonsu ba. Har yau in ka tambaya a Gyallesu za a gaya maka an yi wani malami a Tudun Wada wanda shukarsa ta bi shi. Kuma ta bi shin. Na fasa ɗaya daga cikin 'yan ƙananan da ta bari, ƙwayar fara ce fat, ba komai a ciki. Inna kaɗai na gaya wa gaskiya. Ta ce, "Duk tsawon rayuwarsa yana korar mutane daga wurin nan. Juya baya kawai ya yi." Ta sa aka mai da duwatsun bakin rariya, sun yi baƙi da hayaƙi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata makwancinsa, ya haɗa shi da uwar da ya tsare wa suna ko a cikin tukunya. Allah ya yi masa hisabi mai sauƙi, irin wanda ake tambayar wane ganye ya fara kafin a yanke.

Ranar sadakar arba'in Banufe ya zo. Duk zaman makokin farko a cikin zaure ya yi shi kusa da ni, kuma bai ga abin da ake yi a waje ba, domin ɗinki ya riga ya ci idonsa. A wannan ranar ya shigo da ƙwarya rufe da faifai, ya ƙi bari kowa ya ɗaukar masa. Tasa kabewar ta ƙosa. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, sa'an nan ya ce, "Bawana ya gudu bai fanshi kansa ba." Ya daɗe yana goge fuska da hannun riga. Da ya samu kansa ya turo mini ƙwaryar ya ce, "Na ji taku ta tafi. Ga ta kakarku, a kai wa Inna. Ka gaya mata duk abin da ya ce in yi, ban saɓa ko ɗaya ba, kuma ba zan saɓa ba sai na same shi."

Na ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, tana da nauyi. Kafin in kai ɗakin Inna na riga na zaɓi inda za a shuka baɗi, a kan tudu, nesa da duk wani mai buta. Inna ta yi bisimilla ta ɗaga faifan. Ɓari biyu ne, ja wur, irin Kaka sak. An kankare cikin tas, babu ƙwaya ko ɗaya.